Har Ta Ɗaga Kai Da Kanta

A shekarun da Nasara ke yaƙinsu da Jamus, wahalar ba ta tsaya can ƙasarsu ba, har ƙauyukan Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, ta biyo mutane. Yau a ce a kai hatsi Dogon Dutsi, gobe a ce a kawo samari aikin hanya. Da aka gama da rumbuna da samari sai aka waiwayo kan dabbobi. Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya aiko gardawansa, wato dogarai masu jajayen huluna, suka bi gari gari, wai duk mai doki ya kai shi bariki a duba. Wanda ya yi musu su riƙe, ramamme su ce a koma da shi. Wanda kuwa aka kama ya ɓoye nasa, gidan kaso ne masaukinsa, daga nan sai fasa dutse a bakin hanya.

A wani ƙauye na kan tudu, arewa da Sukukutane, akwai wani magidanci ana ce masa Ɗantani. Ba wani mai hali ba ne. Gona ce da shi, da matarsa Habsatu mai goyo a baya, da tsohuwarsa Hure, sai kuma goɗiya guda, wadda saboda launinta ake kiranta Bidi. Ubansa har ya koma ga Allah ko jaki bai taɓa ɗaurewa ba, kakansa ma haka, don haka Ɗantani ne na farko a zuriyarsu da ya kafa turke a tsakar gida. In kana son ka ga haƙoransa, yabi Bidi. Ga shi kuma a shekarar tana ɗauke da cikin wani ingarma na ƙwarai, ɗan da ba a haifa ba har ya riga ya yi masa suna a zuci.

Da labarin gardawa ya iso, Ɗantani ya fita da goɗiyar kamar zai ci kasuwar Ɗan Kassari, ya dawo a ƙasa da linzami a kafaɗa. Ya je ya durƙusa gaban mai gari ya ce ciwon ciki ya kayar da ita a hanya, ta mutu. Aka yi masa jaje, ya amsa da fuskar da ta dace. Alhali Bidi na bayan gidansa, cikin tsohon ɗakin ubansa wanda ya faɗaɗa wa ƙofa ya kuma jingine zana a bakin. Gidan nasa shi ne na ƙarshen gari, bayansa sai gonaki, shi ya sa ya ɗauka ba wanda ya gani.

Bai tsaya nan ba. A Arewa, wanda iska ke hawa a bori doki ake ce masa, in mace ce a ce goɗiya. Hure kuwa tun tana budurwa Doguwa, iskar gidansu, ta kama ta, an yi zamanin da ba a buga goge a yankin ba tare da an aiko mata ba. Amma ta tsufa, ƙafa ta ƙi, an daɗe ba a gan ta a fage ba, har mutane suka fara mantawa da wannan suna nata, ɗanta ma yana cikinsu. Sai da tsoro ya kama shi ya tuna. Ya kawo farar kaza ya ce tsohuwar ta roƙa masa Doguwa ta riƙe amanar Bidi, ta rufe idon gardawa da bakin magulmata. Hure ta karɓi kazar ta yi abin da aka saba yi.

Tsakaninta da shi magana ba ta da yawa. Ɗan farinta ne, kuma ita macen da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "mai gidan ga". Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta roƙonsa ko ɓarin goro. Son da take masa kuwa, Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Da sanyi abin ya zo da sauƙi. Sai bazara ta kama, rijiyar garin, wadda ita kaɗai ce gare su, ta ja ruwanta can ƙasa. A jefa wasaki a daɗe ana jira, a jawo rabi, rabin ma da laka. Mata suka koma wuni a bakin rijiya. Da faɗa ya yi yawa mai gari ya yanke cewa kowane gida zai ɗiba gwargwadon bakunan da ke cikinsa, na mutane da na dabbobin da aka sani. To, matacciyar goɗiya ba ta da rabo a rijiya. Ba a kuma isa a fito da ita a kai ta wani wuri ta sha ba, don gardawa ba su daina ratsowa ba. Ruwan mutum uku da jaririya shi zai ɗauki gidan, ya ɗauki Bidi da abin da ke cikinta.

Ɗantani ya fara auna mata: ƙwarya da safe, ƙwarya da yamma, sai ƙasarin da Habsatu ta wanke gero. Ba a jima ba ya ga abin da bai yi masa daɗi ba. Bidi ta soma barin harawa a gabanta, kashinta ya koma ƙanana busassu, in ya shigo sai ta bi hannunsa da hanci. Ran kasuwar Sukukutane ya nemi Maikano, wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa a bargar sarakuna, yanzu yana zaune gindin gawo yana tufkar igiya. Suka gaisa, ya tsuguna.

"Baba Maikano, tambaya gare ni. In doki na ɗaure cikin ɗaki, ba a kai shi rijiya, ƙwarya nawa ya kamata shi sha?"

"Dokin wa?"

"Na wani na, can wajen Tibiri."

Maikano ya dube shi ta gefen ido, ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya. "Na wani. To ka ce ma wanin, ba a auna ma doki ruwa. Wanda ab bisa kiwo, ɗanyar ciyawa na ba shi rabin ruwa nai. Amma wanda ad ɗaure shina tamnar busassar harawa da dusa cikin zahin ga, komi nai daga hannunka shi ka hitowa. In kuma goɗiya ta, da ciki, to baki biyu ka sha."

"Amma ai da iyaka, Baba."

"Iyakar ba wajenka take ba, wajenta take. Aje mata masaki ka ja baya. Za ta sha ta ɗaga kai, kak ka ɗauke, lumhwashi takai, za ta koma. Sai ta ɗaga kai da kanta ta kau da baki, ta bar ruwa cikin masakin, sannan ta ƙoshi. In ka ga tana lasar gindin ƙwarya, ba ta sha ba, ɗanɗanawa tay yi." Ya miƙo hannu ya tsunkuli fatar wuyan Ɗantani ya saki. "Haka za ka yi mata kullum. In hwatar ta koma nan take, lahiya lau. In ta tsaya kamar tsohon walki, to wanin naka shi shirya haƙa rami."

Ɗantani ya komo gida da wannan magana tana ci masa rai. Ya ɗaga zana ya shiga ya tsunkuli wuyan Bidi, fatar ta yi jinkiri kafin ta kwanta. Daga ranar ya rage wa kansa sha, ya hana wanka, ya ce tuwo ma a riƙa yinsa sau ɗaya. Kada a zalunce shi, da kansa ya fara, leɓɓansa har tsagewa suka yi. Sai dai shi namiji ne mai ƙafa, in ya fita sharar gona ko ya je kasuwa yakan samu inda ya kafa kai ya sha. Habsatu ma a bakin rijiya take wuni, ba a hana mai goyo kurɓa. Wadda ba ta zuwa ko'ina ita ce Hure, tana zaune a ƙofar ɗakinta da mazari da auduga. In Habsatu ta kawo mata moɗarta sai ta ce a ajiye, tsoho ba ya jin ƙishirwa. In ido ya kauce ta lallaɓa ta juye a masakin goɗiya.

Wata rana bayan azahar, rana na dukan ƙasa, Habsatu na can rijiya tun safe, Ɗantani ya fito daga wurin Bidi ya tarar da uwarsa zaune a tsakar gida cikin ranar, ƙafafu a miƙe, bayanta a tsaye kyam kamar ba ita ce mai tafiya da sanda ba. Idanunta a buɗe amma ba shi suke kallo ba. Tun yana yaro ya san wannan zama. Ya tuɓe takalma, ya cire hula, ya durƙusa.

"Sannu da zuwa. Ranki shi daɗe."

Muryar da ta fito daga bakin Hure ba tata ba ce, mai kauri ce, a hankali take fita. "An ba ni amana cikin gidan ga, na riƙe. Ku kun riƙe tawa?"

"Muna ƙoƙari, ranki shi daɗe."

"Goɗiyata ta bushe. Goɗiyata na jin ƙishirwa kuna kallo."

"A gahwarce mu. Ruwan na ba su isa."

"Ban tambaye ka labarin rijiya ba. Ka ba ta ruwa, ka ja baya, har ta ɗaga kai da kanta."

Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne, kunne ma kuwa haka yake. Ko yaron da ya taɓa tsayawa a gefen fagen bori ya san wadda Doguwa ke nufi in ta ce goɗiyata. Amma watanni ke nan a gidan kalmar nan abu ɗaya take nufi, da ita Ɗantani ke kwana, da ita yake tashi. Ba shi ne ya ba da farar kaza ya damƙa Bidi a hannun Doguwa ba? Ga kuma maganar Maikano sak ta fito daga bakin iska. Sai ma ya ji wani daɗi ya ratsa shi, wai Doguwa da kanta ta kira dabbarsa tata. Ya sa goshi a ƙasa ya ce an ji, za a yi.

Hure ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta koma tsohuwar da aka sani. Ya kama ta ya kai inuwa. Wanda iska ta hau ba ya sanin abin da aka faɗa da bakinsa, sai na kusa sun gaya masa. Da ta dawo hayyacinta ta dubi ƙasa ta yi tambaya, muryarta a dishe.

"Ta zo?"

"Ta zo, Inna."

"Mi tac ce?"

"Hwaɗa tay yi. Ta ce mun bar Bidi da ƙishirwa, a ba ta ruwa har ta ƙoshi."

Hure ta motsa harshe a bakinta kafin ta sake magana. "Da bakinta tac ce Bidi?"

"Ta ce goɗiyatta. Ai duk ɗaya na."

Tsohuwar ta ɗago ta dubi ɗanta, abin da ba ta saba yi ba. Ta ga leɓɓansa a tsage, ta ga kuma yadda fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir. Ta gane sarai. Kalma ɗaya ce ta rage ta faɗa, amma yaya za ta buɗe baki ta ce wa ɗan farinta ni ake nufi, ɗauke daga bakin dabbarka ka ba ni? Ta tuna ranar da ya shigo gidan nan riƙe da ragamar Bidi, yana dariya kamar yaro. Ta mai da kanta ƙasa.

"To, mai gidan ga, a yi abin da tac ce."

Aka kuwa yi. Duk tulun da Habsatu ta sauke, sai an cika masakin Bidi kafin a zuba sauran a randa. Habsatu ba ta ji maganar Doguwa da kunnenta ba, abin da mijinta ya faɗa mata shi ta sani, don haka ba ta ja ba. Amma mace ce mai lura. Wata safiya tana ɗaure goyo za ta fita ta tsaya a gabansa.

"Mai gida, Inna hwa ba ta shan ruwa. Moɗar da nika kai mata, ban ga inda taka zuwa ba. Tuwon ma sai ta taɓa ta ture."

Ya je ƙofar ɗakin tsohuwar ya tsaya daga gefe, kamar yadda ya saba. "Inna, an ce ba ki sha."

"Wa yac ce? Na sha wajen Kubra."

Kubra ƙawarta ce tun ta ƙuruciya, tare aka girka su a bori, gidanta na can ɗaya ƙarshen garin. Mai tafiya da sanda, a wannan rana, yaushe ta je har can ta dawo ba wanda ya gan ta? Bai tambayi kansa ba, don amsar ta yi masa daɗi. Ya ce wa Habsatu ta ji dai da kunnenta, ya wuce wurin goɗiya. Kullum safiya sai ya tsunkuli wuyan Bidi ya ga yadda fatar ke komawa. Hannun uwarsa kuwa, da ke murza mazari yana kuɓuce mata, bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Bidi ta murmure. Ta koma cin harawarta, gashinta ya kwanta, cikin ya sauko. Wata yamma ya ajiye mata masaki ya ja baya, ta sha, ta ɗaga kai ruwa na ɗiga daga leɓenta, ta koma ta sha, sannan ta ɗago ta kau da baki ta shiga tauna. Ya leƙa, ga ruwa ya saura a gindin masakin. Murna ta hana shi tsayuwa wuri ɗaya, ya fita ya kira uwarsa ta zo ta gani. Hure ta taso tana dafa bango, ta tsaya a bakin zana ta daɗe tana kallon ruwan nan.

"Kin gani, Inna? Ta bari da kanta."

"Madalla," in ji ta. "Allah shi sauke ta lahiya."

Ya ɗauki faifai ya rufe masakin don kada ƙura ta shiga, ya ce wannan na safiyar Bidi ne. Tsohuwar ta juya ta koma ɗakinta a hankali.

Ba a yi kwanaki da yawa ba, wata safiya rana ta ɗaga ba a ji motsin Hure ba. Habsatu ta leƙa, ta fito da gudu tana kiran mijinta. Ya same ta kwance a kan tabarma, ido ya faɗa, tana ta magana ƙasa ƙasa da mutanen da suka daɗe da mutuwa. Jikinta zafi kamar tukunyar da aka sauke, amma ko ɗigon gumi babu. Ya durƙusa ya kama hannunta don ya ɗaga ta, yatsunsa suka tattaro fatar bayan hannun. Da ya saki, fatar ta tsaya yadda ya bar ta, ba ta koma ba. Ya zuba mata ido.

Ya ruga ya kwaso ruwan randa, ya haɗa da na masakin Bidi, ya tallafo kanta ya kai moɗa bakinta. Ruwan ya bi gefen baki ya gangara wuya. Ya sake, ya sake, yana cewa Inna ki sha, don Allah ki sha. Habsatu ta jiƙa tsumma tana matsa mata a leɓe. Sau ɗaya ta buɗe ido ta gane shi, ta ɗan ture moɗar da yatsu kamar mai cewa a bar wa wani. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Al'adar garin ce, in an yi mutuwa ba a lissafi a bakin rijiya. Mata suka ja da baya suka bar wa gidan gawa wasaki, kowane gida kuma ya aiko da abin da ke randarsa. Kafin a jima tsakar gidan Ɗantani ta cika da tuluna, wasu ma ba a san masu su ba. Tun da bazara ta kama bai ga ruwa mai yawan haka wuri ɗaya ba. Yana zaune cikin maza a ƙofar gida, mai gari na gefensa, sai Bidi ta jiyo ƙanshin ruwa ta saki haniniya daga bayan gida, mai ƙarfi, wadda ko kurma ya ji. Ya saci kallon mutane, ba wanda ya waiwaya. Mai gari ya ci gaba da maganar da yake yi a kan inda za a haƙa kabari.

Kubra ce ta yi wa gawar wanka. Da ta gama ta fito tana share hannu da gefen zane, ta aika a kira mata shi. Suka tsaya a bayan rumbu, ita da shi kaɗai. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idanunta sun yi ja.

"Ɗantani, na wanke gawa da yawa, ban taɓa taɓa wadda tab bushe haka ba. Yaushe rabon uwarka da ruwa?"

"Ta ce wajenki taka sha."

"Wajena? Tun sanyi rabon ƙahwatta da gidana." Ta juya kai wajen ɗakin da aka jingine wa zana. "In don waccan ta, wa ab bai san da ita ba? Tun randa kas sa ta ɗaki muka jin ta. Ba mu da ruwa, amma da ka buɗa baki, moɗa moɗa da mun tara maka. Mun ga ka yi shiru, munka yi shiru."

Kubra ta share ido, ta yi maganar da ta fi kama da wadda take yi da kanta.

"Abin da ab ban mamaki, Doguwa. Shekara da shekaru tana hawan Hure. Ba ta barin goɗiyatta ta bushe haka ba ta zo ta yi magana ba."

Kalmar ta shiga kunnensa, wannan karon ta sauka inda ya kamata ta sauka tun farko. Ya dafa rumbu.

"Ta zo," ya ce.

"Ta zo? Mi tac ce?"

Ya maimaita mata, kalma bayan kalma, don bai manta ko ɗaya ba. An ba ni amana na riƙe, ku kun riƙe tawa. Goɗiyata na jin ƙishirwa kuna kallo. Yana faɗa yana jin yadda maganar take a fili, ba ta da wani lungu. Ya tuna tambayar da uwarsa ta yi masa a inuwa, da irin kallon da ta yi masa, da amsar da ya ba ta.

"Ita kuma ka hwaɗa mata?" in ji Kubra.

"Na hwaɗa mata. Ta ce a yi abin da tac ce."

Kubra ta daɗe tana dubansa. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ja mayafinta ta rufe kai ta koma cikin mata.

Aka kai Hure aka rufe kafin rana ta faɗi. Mutane suka yi gaisuwa suka watse, mata suka ce a bar sauran ruwan, gobe sa zo ɗaukar tulunansu. Gidan ya yi tsit, sai kukan jaririya da bugun kofaton Bidi, don tun safe ba wanda ya tuna da ita. Ɗantani ya ji ba ya son ganinta, amma dabba ba ta yi laifin komai ba, abin da aka ajiye mata ta sha. Ya cika masaki fal, ya ɗaga zana, ya ajiye a gabanta ya ja baya. Ta sha, ta ɗaga kai ta yi numfashi, ta koma. Can ta ɗago da kanta ta kau da baki, ta bar ruwa mai yawa a ciki.

Ya sunkuya ya ɗauki masakin ya fito. Bai nufi randa ba, ƙafafunsa suka kai shi ƙofar ɗakin tsohuwar, ya tsaya daga gefe inda ya saba tsayawa. An naɗe tabarmar an jingine, mazarinta na ƙasa da sauran zare a jiki.

"Inna," ya ce, "ga ruwa."

Ya daɗe a tsaye da masakin a hannu, har Habsatu ta zo ta karɓe shi.